Injin Taliyarmu da Ba Shi da Maɗauri

Haɗeja,
Asabar da hantsi.

Zuwa ga Malam,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da maigida, ina roƙon Allah ya yalwata makwancinka, ya sa kana cikin rahama. Na sani sarai ba za ka karanta wannan takarda ba, babu gidan wayan da ke kai saƙo inda kake. Amma na ƙare ƙuruciyata ina koya wa 'ya'yan mutane rubuta wasiƙa a firamare, ban taɓa rubuta maka ko ɗaya ba, don kullum kana nan a tsakar gida. Yanzu magana ta taru mini a baki, kuma kai kaɗai ta shafa.

Bari in fara da labarin gida, don na san shi za ka fara tambaya. Kogi ya cika bana, ruwa ya shiga fadama har gindin giginyar da ke kan iyakar gonarka, amma ya janye lafiya, ya bar ƙasa baƙa wuluk irin wadda kake so. Tarwaɗa ta yi araha har masunta na bin mutane da ita gida-gida. An kuma raba mu da Kano, yanzu mu 'yan Jigawa ne. Da kana nan da ka kwana biyu kana gardama da rediyo a kan inda ya kamata a kai hedikwata. Maƙwabciyarmu Malama Rifkatu ta yi ritaya, danginta na Kudancin Kaduna sun yi ta kiranta ta koma, ta ce ita nan ta saba. Har yanzu takan leƙo ta katanga da safe ta tambayi kwanana.

Ni ce dai ban yi abin kirki ba bayan tafiyarka. Na fita takaba, amma ban koma madafa ba. Tukwanena suka yi ta zama a kife, ni kuwa sai shayi da abin da Rifkatu ta miƙo. Na rame har zobe yana zamewa daga yatsana. Da babban yaronka ya zo daga Kano ya gan ni, hankalinsa ya tashi, ya koma ya yi shawara da ƙannensa, suka yanke cewa ba zan iya zama ni kaɗai ba. Za a kulle gidan nan, a ba wani gonar alkama aro, a kai ni Kano a ba ni ɗaki a gidansa. Ya ce in ba shi amsa kafin lokacin shuka, don a san wanda za a miƙa wa gonar. Ban ce to ba, ban ce a'a ba, amma na fara haɗa kwanukana a cikin kwalla. Ka ga yadda na zama, ni da kake cewa ba a juya ni?

Ka san abin da ya fi hana ni shiga madafa? Injin taliyar nan. Yana nan a kan kanta inda muka bar shi, duk na ɗaga ido sai in gan shi. Ka tuna ranar da ka kawo shi daga Kano, shekarar da alkamarka ta fara yin kyau? Na kowa a unguwa yana da maɗauri, ƙarfen nan mai noti da ake damƙe injin da shi a bakin benci, mace ta murza da hannu ɗaya ta tare taliya da ɗayan. Namu ka ce haka ya zo, babu maɗauri. Saboda haka duk Asabar sai ka tura ƙyauren zaure, ka naɗe hannun riga, ka zauna a kan turmin da aka kife, ka danne injin da hannun hagu kana murzawa da na dama, ni kuma ina tarewa ina shanyawa a igiya. Babban mutum kamarka, malamin gona da ake gaisarwa a kasuwa, ga gari har a gemu. In an yi sallama a waje sai ka yi tsit, ka bar ni da cewa kana uzuri. Kullum ina mita cewa kana sauri, taliya tana tsinkewa. Kullum kana alkawarin in ka je Kano za ka sayo maɗaurin, kullum kana dawowa ka ce ka manta. Haka muka yi har yara suka girma suka watse.

To, ana cikin maganar ƙaura sai ga 'yarmu Saudatu daga Legas, ta ce ba za a kai ni ko'ina ba sai na fara shan iska. Mijinta ya sami hutu, za su je Kwatano su kwana biyu a bakin teku, kuma da ni za a tafi. Na ce me tsohuwa za ta yi a bakin teku? Ka san 'yarka, kanka ta ɗauko. Ban ankara ba na gan ni a mota.

Malam, na ga teku. Ba zan ce ya fi kogimmu kyau ba, don ruwan da ba a sha, ba a ban ruwa da shi, ba ya kuma yin shiru ko na ɗan lokaci, ban san amfaninsa ga manomi ba. Amma girmansa ya sa na yi tasbihi. Masaukin da muka sauka yana daf da ruwa, da bishiyoyin kwakwa da rumfunan ciyawa, Turawa kwance a rana kamar an shanya barkono. Ni dai na sami inuwa na zauna da carbina.

A masaukin akwai wata Baturiya 'yar ƙasar Italiya, Madam Lusiya, gajeruwa mai ƙiba, ta kusa sa'ata. Ita ke riƙe da wurin cin abinci, kuma da safe takan tara baƙi a wata rumfa mai kallon ruwa ta koya musu girkin ƙasarsu, kowa da teburinsa da garinsa, kowa ya yi da hannunsa. Saudatu ta sa sunana ba tare da ta tambaye ni ba. Na ce ni da na aurar da 'ya'ya za a koya wa girki? Na kuma sa ta ta je ta tabbatar babu giya babu naman alade a cikin abin da za a taɓa. Aka ce kifi ne da tumatir. Na rasa hujja, na ɗaura gyalena a ƙugu na shiga layi.

Madam ba ta jin Hausa, Turancinta ma a karye yake, sai Saudatu ke tsakaninmu. Amma da aka zuba gari a tebur, tafinta ya zama ba shi da aiki sosai. Ta tara garin ta yi rami a tsakiya, ta fasa ƙwai a ciki. Ƙwai, Malam, babu ruwa ko ɗigo! Na ce a raina wannan almubazzaranci ne, amma na bi. Da na sa hannu na fara murzawa, sai hannuna ya tuna abin da ni na manta. Sauran baƙin suna ta dangwalar ƙullin da yatsu kamar zai cije su, ni kuwa na danna da tafin hannu na naɗe na sake dannawa. Madam ta zo ta tsaya a kaina, ta latsa ƙullina da yatsa, ta gyaɗa kai. Sai dai ta hana ni ci gaba, ta ce a rufe shi a bar shi ya huta tukuna, abin da ban taɓa yi ba. Da aka buɗe kuwa ya yi laushi yana miƙuwa ba gardama. Ashe ba saurinka kaɗai ke tsinka mana taliya ba, har da gaggawata. Wannan na ba ka gaskiya, ko da yake ta zo a makare.

Ta tambayi yadda muke kiran abin a garinmu, na ce taliya. Ta zaro ido ta sa na maimaita. Ashe su ma irin mai faɗin nan sunanta ya fara da taliya, sai wata jela da suka ƙara masa wadda harshena ya kasa. Muka yi ta dariya, ita tana nuna ƙirjinta tana faɗin Italiya, ni ina nuna igiyar shanya ina faɗin taliya. Shekara da shekaru ina sayar wa yaran unguwa ita da mai da yaji, ban taɓa kawo wa raina cewa sunan wata ƙasa nake kira ba. Miyar kuwa ba wuya: man zaitun, tafarnuwa, tumatir, kifi, da wani ganye da ta riƙa yi wa kirari, na shinshina na ji ɗoɗɗoya ce, irin wadda ke fitowa a bayan randarmu ba mai kula ta. Abu ɗaya ne ban yarda da shi ba, suna sauke taliya da sauran ƙarfinta. Na faki idonta na bar tawa ta ƙara nuna.

Amma ba wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami ba. Da aka zo miƙar da ƙulli, injinan ba su isa ba, sai Madam ta sa aka ɗauko sabo a kwalinsa, ta buɗe a gabana. Irin namu ne sak, har zanen da ke jikin kwalin. Ta fito da injin, ta fito da hannunsa, sannan ta fito da maɗauri a naɗe cikin takarda. Na sa Saudatu ta tambaye ta ko akwai waɗanda ke zuwa babu shi. Ta yi dariya ta ce tun tana yarinya take buɗe irin wannan kwali, ba ta taɓa ganin wanda ya zo babu maɗauri ba, ai in babu shi injin bai cika ba. Ta damƙe shi a bakin tebur, ta ja baya ta nuna mini. Na murza da dama, na tare da hagu, taliya ta zubo doguwa ba ta tsinke ba. Baƙi suka tafa. Ni kuwa hankalina ya riga ya tafi wajen akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gadonka.

Ranar da na dawo, ko mayafi ban cire ba na jawo akwatin. Tun rasuwarka ban buɗe shi ba. Ga takalmin robarka na shiga fadama, ga tsohuwar hularka, can ƙasa kuma ga shi a naɗe cikin takardarsa, ko tsatsa bai yi ba. Na zauna a ƙasa na riƙe shi, na yi kuka, na yi dariya, har Rifkatu ta leƙo ta ga ko lafiya.

Malam, ashe haka kake? Kai da ba ka taɓa ce mini kana sona da baki ba, kai da in na yi kwalliya sai ka ce wai ina zuwa? Ka rasa yadda za ka zauna kusa da matarka da rana tsaka ba tare da an ce ka zama mijin-ta-ce ba, sai ka ɓoye ɗan ƙarfe ka ce an manta da shi a Kano? Duk mitar da na sha yi maka, kana ji kana murmushi a cikin gemu.

To ni ma bari in faɗa maka nawa. Maƙera suna nan bayan kasuwa, kullum ta gabansu nake wucewa in zan je makaranta. Da na kai musu na maƙwabta sun gani, kafin la'asar sun ƙera mini irinsa. Na sani, na kuma sha tunanin haka, ban taɓa zuwa ba. Ina jin tsoron ranar da injin zai tsaya da kansa, ka rasa dalilin tura ƙyauren zaure. Asabar ɗin nan ita ce ranar da na fi so a duk mako, kuma ban taɓa gaya maka ba. Ina sonka, Malam. Ga shi na rubuta, tunda mu biyun duka mun kasa faɗa.

Asabar da ta wuce na ɗaura shi a bakin benci. Na kwaɓa garin alkamarka ta bara, na sa ƙwai biyu don in gwada na Madam, na bar ƙullin ya huta. Injin bai motsa ba ko kaɗan, taliya ta fito santala-santala, ta fi duk wadda muka taɓa yi kyau. Ba zan ɓoye maka ba, na ji zafin kyawun nan nata. Amma na dafa, na tsinko ɗoɗɗoya na yi miya da tarwaɗa, na ci na ƙoshi, na ƙara. Na zuba wa Rifkatu a kwano, ta ce miyar Turawan ba laifi amma a ƙara yaji.

Jiya babban yaronka ya zo karɓar amsa. Ya tarar na mayar da kwanukana kan kanta, igiya cike da shanya, ni kuma ina auna irin alkama a tsakar gida. Na zuba masa abinci, na bari ya ci, sannan na gaya masa ba inda za ni. Na ce gonar ubansa ba za a ba kowa aro ba, na riga na yi magana da mutanen da ka saba ɗauka aiki, an gyara injin ban ruwa, mako mai zuwa za a shuka. Ya ce wa zai kula da ni? Na ce ya dubi kwanon da ke gabansa ya faɗa mini ko mai wannan girkin ta yi kama da wadda za a ɗauka a ajiye a ɗaki. Ya sunkuyar da kai yadda kake yi in an kayar da kai a magana. Yaron kirki ne, tsoro ne ya kama shi, kuma ni na ba shi dalili. Yanzu na karɓe dalilin.

Saboda haka ka kwantar da hankalinka. Gidanka a buɗe yake, ana hura wuta a cikinsa, jikokinka za su zo hutu su tarar da kakarsu a inda suka san ta. Kewarka ba ta ragu ba, ba na kuma sa ran za ta ragu, amma ta daina hana ni cin abinci. In lokacina ya yi, daga ɗakin nan za a ɗauke ni, ta ƙofar da aka fitar da kai.

Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka, ya sada mu a inda babu rabuwa. Sai na zo.

Ni ce matarka,
Kulu, wadda ka bari a gida, tana kuma gidan.