Karan Ɗorin da Ya Ɓata Tsakanin Ɗaya da Shida

Daga: Tsvetan Karaivanov,
Mamba mai lamba 11, Ƙungiyar Maharba ta ƙauyen Lipov Dol,
Gida na ƙarshe a layin coci.

Litinin, 2 ga Disamba, 2024

Zuwa ga: Mai girma Strahil Mechkarov,
Shugaban Haɗaɗɗiyar Ƙungiyar Maharba ta Gunduma.

Game da: Kuskuren da sakataren ƙungiyarmu ya yi wajen rubuta ƙarfin madubin saitin bindigata, da ƙin gyara shi, da shirin raba ni da Matsaya ta Huɗu.

Ranka ya daɗe,

Ina gaida Shugaba gaisuwar da ta dace da kujerarsa, tare da neman afuwa a kan ɓata masa lokaci da maganar da bai kamata ta wuce teburin sakataren ƙauye ba. Shekaruna sittin da takwas, arba'in da ɗaya daga cikinsu da lasin farauta a aljihuna, kuma wannan ce takardar ƙorafi ta farko da na taɓa rubutawa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne ana shirin raba ni da Matsaya ta Huɗu da ke bakin Rafin Sanyi, inda nake tsayawa a farautar aladen daji tun shekara talatin da ɗaya da mahaifina ya sauka ya bar mini ita. Dalilin kuwa wani ɗan karan ɗori ne, ɗan gajeren layin nan da ake sakawa tsakanin lamba da lamba, wanda bai kai tsawon ƙwayar shinkafa ba. Ga yadda abin ya kasance, daki-daki.

1. Tun bara idona na dama ya daina ganin ɗan ƙarfen saiti da ke bakin bindiga yadda ya kamata. Ban ɓoye wa kowa ba, ban kuma yi irin ta wasu da ke harbi a kan sa'a suna ɗora wa iska laifi ba. Ranar Juma'a, 13 ga Satumba, na ɗauki bindigata, mai ɗana kanta bayan kowane harbi, na kai wa Nedyalko mai gyaran bindiga a birni domin a ɗora mata madubin saiti. Mun shafe wuni guda muna zaɓe. Shugaba ya san dajinmu: alade yana ɓullo maka daga sarƙaƙiya a taku ashirin, a guje, karnuka na bin sa, masu kora na bayan karnuka. Madubin da ya dace da wannan shi ne mai farawa daga ninki ɗaya, wanda ba ya ƙara wa abu girma ko kaɗan, mutum ya buɗe idanu biyu ya ga aladen, ya ga karen, ya ga ɗan'uwansa. In kuma dabba ta tsaya can ƙetaren kwari a bakin gonar masara, sai a murɗa zobensa a jawo ta kusa. Nedyalko ya nuna mini mai kaiwa takwas da mai kaiwa goma. Na saɓa su a kafaɗa na ji sun yi wa bindigar nauyi, kuma in an murɗa su ƙarshe sai ido ya zauna a wuri guda cak kafin ya ga komai. Na zaɓi mai tashi daga ɗaya zuwa shida, mai ɗigon ja a tsakiya, aka ɗaure shi nesa da gira yadda bugun bindiga ba zai fasa mini goshi ba, na je fili na daidaita shi da harsashi goma sha biyu. A jikinsa an sassaƙa 1-6x24, ana gani ko ba tabarau.

2. Ranar Asabar, 2 ga Nuwamba, wani baƙo daga birni ya zo mana da madubi mai ninki goma sha biyu. Gashin alade kawai ya gani ya cika masa gilashi, ya danna kunama, harsashin ya shige jikin bishiya kamu ɗaya daga kafaɗar wani mai kora. A taron 9 ga Nuwamba ni da bakina na kawo shawarar a hana duk madubin da ya wuce ninki shida a farautar kora, kuma a rubuta na kowa a rajista. Aka ɗaga hannu, aka amince. Ina roƙon Shugaba ya riƙe wannan a zuciya, domin da wannan doka tawa ce aka kore ni.

3. Ranar Alhamis, 14 ga Nuwamba, sakataren ƙungiya, Delcho Pramatarov, wanda ya yi shekara talatin yana buga hatimi a bayan kantar ofis kafin ya yi ritaya ya dawo ya same mu, ya zauna ya yi rajistar. Na faɗa masa lambar, na nuna masa kwalin madubin. Ya rubuta 16x24. Ya haɗiye karan ɗorin, ya mai da ɗaya zuwa shida ta koma goma sha shida. Na sa hannu, ban ƙi amsa wannan laifin ba, domin na bar tabaran karatuna a gida, kuma ban taɓa zaton akwai buƙatar in bi bayan mutumin da ke taƙama da cewa bai taɓa ɓata takarda ba. Ya hura wa hatiminsa iska, ya buga, ya rufe littafi.

4. Ranar Asabar, 23 ga Nuwamba, da safe mun taru a gaban ɗakin ƙungiya, mutum ashirin da biyu, ana shan kofi ana jiran kiran suna. Da aka zo kaina sakatare ya gyara murya, ya haɗa mini da “Bai”, laƙabin nan namu na girmama dattijo, ya ce, “Bai Tsvetan, yau kam sai dai ka koma gida ka taya uwargida yanka kabeji. Madubinka goma sha shida ne, taurari za ka harba?” Aka kwashe da dariya, ni ma na yi, don na ɗauka wasa ne. Na miƙa masa bindigar na ce ya duba da idonsa. Ya mai da hannuwansa baya ya ce, “Ni ba a naɗa ni in duba bindiga ba, dattijo, littafi aka ba ni.” Shugaban farauta na ranar ya ɗaga kafaɗa ya ce shi ba ya shiga tsakanin mutum da hatimi. Haka na tsaya a bakin hanya motoci suka wuce ni ɗaya bayan ɗaya, mutanen da ni na koya wa rabinsu bambance sawun alade da na barewa suna kau da kai. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba, kuma ban ga dalilin ɓoye wa Shugaba hakan ba.

5. Ranar Talata, 26 ga Nuwamba, na je ofishinsa da bindigar, da kwalin, da takardar da Nedyalko ya rubuta ya sa hannu. Na jera su a kan teburinsa. A nan ne sakatare ya nuna mini zurfin iliminsa, kuma ina kawo hujjojinsa yadda ya faɗe su domin kada a ce na rage masa daraja. Da farko ya ce abin da hatimi ya hau ba ya gyaruwa sai a babban taro, babban taro kuwa sai watan Maris, bayan an rufe farauta. Na ce ai ɗigon tawada ɗaya ne. Ya ce, “Yau ɗigo, gobe layi, jibi kowa ya zo da alƙalaminsa. Ina tsari ya tafi?” Na ɗora yatsana a kan rubutun da ke jikin madubin. Ya sunkuyo, ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗago da fuskar wanda ya gano wani babban sirri ya ce, “To ai wannan alamar ɗebewa ce. Ɗaya a ɗebe shida. Ka taɓa ganin madubin da ke ƙasa da sifiri? Ni ba zan rubuta ƙarya a littafin ƙungiya ba.” Ranka ya daɗe, wannan shi ne mutumin da muka damƙa wa rajistar makamai. Duk maharbin da ya taɓa riƙe madubi ya san mai ninki goma sha shida ba ya zuwa da ɗan siririn baki irin na nawa, girmansa ma ya isa shaida. Amma sakatarenmu rabonsa da harba bindiga tun ranar da ya ci jarrabawar lasin, kuma a wurin farauta ba a san shi da komai ba sai tsare tukunyar wake da raba tsiran alade.

6. Ranar Asabar, 30 ga Nuwamba, an sake mai da ni gida. Wannan karon ban tafi nan take ba. Sakatare ya bar littafin a buɗe a kan bonet ɗin mota ya je zuba kofi, ni kuma na zo da tabarau. Layi uku a ƙarƙashin sunana akwai sunan Svilen Gochev, mijin 'yar sakatare, wanda shekararsa biyu kacal a ƙungiya. Madubin Svilen kowa ya san shi, don ba ya gajiya da nuna shi a mashaya: mai tashi daga uku zuwa goma sha biyu ne, ƙato, irin na baƙon da ya kusa kashe mana mutum. A littafi an rubuta masa 3. Uku kawai, tsaf, da hatimi a gefe. Ashe sakatare ya san karan ɗori sarai. Ya san inda yake, ya san abin da ke gabansa da abin da ke bayansa. A layin surukinsa ya tsaya a bakinsa ya ajiye alƙalami, a layina kuma ya tsallake shi. Na tambaye shi a gaban jama'a. Ya rufe littafin ya ce, “Kai Bai Tsvetan, leƙen takardun ofis ma laifi ne, in kana so in rubuta maka shi.”

7. Dokar ƙungiyarmu ta ce duk wanda ya rasa farauta uku a jere ba tare da takardar likita ba, matsayarsa ta koma hannun na gaba a jerin masu jira. Na rasa biyu. Ta uku ita ce ta Asabar mai zuwa, 7 ga Disamba. Ba sai na gaya wa Shugaba sunan da ke saman jerin masu jira ba, kuma tuni aka ba shi aron matsayar a ranaku biyun da aka kore ni. An ba ni shawara in je in samo takardar likita ta ƙarya. Lafiyata ƙalau, kuma ƙarya ɗaya ta ishi littafin.

Bisa ga abin da ya gabata, ina roƙon Shugaba cikin ladabi:

(a) ya aiko da wanda ya iya karanta lamba ya dubi madubina da na Svilen Gochev a gaban mambobi, kafin ranar Asabar;

(b) ya umarci sakatare ya mayar da karan ɗorin inda ya ɗauke shi, da hannunsa, ya kuma ƙarasa rubuta lambar da ya bari a rabi;

(c) a soke ranakun 23 da 30 ga Nuwamba daga lissafin rashin halartata, tun da na halarta, korata aka yi;

(d) a duba ko ya dace hatimin ƙungiya ya ci gaba da kwana a aljihun da yake kwana.

Na san takardu suna da yawa a teburin Shugaba, kuma mai yiwuwa wannan ba za ta kai ga idonsa ba sai bayan Asabar. Saboda haka ina sanar da shi abin da na yanke. Dokar ta ce wanda ya shiga sahun masu kora an lissafa shi cikin waɗanda suka halarta, ko da babu bindiga a hannunsa. To, zan shiga. Zan rataye bindigata da madubinta a gida, in sa jar riga, in ɗauki sanda in bi karnuka cikin ƙaya da wannan tsohuwar gwiwa tawa, domin ba zan bar matsayar mahaifina ta tafi a kan ɗigon tawada ba. Na san dajin nan fiye da yadda na san ɗakina, na kuma san inda sahun masu kora ke ɓullowa: daidai bakin Rafin Sanyi, taku ashirin a gaban Matsaya ta Huɗu, inda Svilen zai tsaya da madubinsa da littafi ya ce uku ne.

Idan Shugaba bai samu damar yin komai daga cikin abin da na roƙa ba, ina neman alfarma ɗaya. A sa wani ya gaya wa Svilen ya murɗa zoben madubinsa ƙasa, ya buɗe ɗaya idon, ya ƙirga ƙafafu kafin ya danna kunama. Mai fitowa da ƙafa biyu ni ne.

Ina mai ƙanƙan da kai ga ofishin Shugaba, da jiran hukuncinsa.

Naka mai biyayya,

Tsvetan Karaivanov
Mamba mai lamba 11, mai riƙe da Matsaya ta Huɗu har zuwa yau.