Ban Buɗe wa Idir Ƙofar Mota Ba

Zuwa ga yayata Lalla Yamna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigida da yara. Allah ya sawwaƙe miki ciwon gwiwar nan, ya kare ku daga sanyin Beljiyam. Mu nan Warzazat alhamdulillahi. Matata Tuda ta warware daga murar da ta kwantar da ita, dabino kuma ya yi kyau bana, na ware miki naki.

Yaya, na zaɓi takarda ne domin a waya ba kya bari in kai ƙarshen magana. Kin ce wane irin uba ne zai ga ɗansa jina-jina a kan titi ya ƙi ɗaukarsa. To ki saurara. Kin san aikina a tseren keken zagaye ƙasa: ni ke jan motar ƙarshe, ina kwashe duk wanda ya gaza. Tseren nan zango-zango ake yinsa, kowace rana daga wani gari zuwa wani, a haɗa lokutan mutum gaba ɗaya. Wanda ya sa ƙafa a motata ya fita ke nan, haka ma wanda ya iso bayan wa'adin ranar. Tun zamanin Faransawa haka ake yi. Ai kin tuna Baba yana ba mu labarin yadda yake tsayawa bakin hanya da tulu yana miƙa wa Turawa ruwa, shi kuwa bai taɓa mallakar keke ba. Yau jikansa ne da lamba a bayan riga, kina so in ciro shi kamar buhun sha'ir.

A zangon Marrakesh zuwa gida ne ɗana Idir ya faɗi, ana tsaka da hawan dutsen Tishka. Gwiwa da kafaɗa duk sun saluɓe. Likitan tsere ya duba shi, ya ɗaure, ya ce ƙashi lafiya, in zai iya ya ci gaba. Kafin ya miƙe kowa ya wuce, saura ni da shi. Na matsa kusa na sauke gilashi, ban ma yi magana ba ya ce in ja baya, hayaƙina na damunsa, kuma in na kuskura na taɓa ƙofar nan to in nemi wani ɗan. Akwai wasu 'yan tsere da na riga na kwasa, wani dogo ɗan Kazablanka ya leƙo yana ce masa ango ya shigo mana, an ajiye masa kujera da lemo. Idir ya ce ya riƙe kujerarsa da kyau, da ma ita ta dace da shi. Motar ta kwashe da dariya. Kafin mu kai ƙoli, dogon nan ne ya fi kowa buga jikin mota yana kiran sunansa.

Kada ki ɗauka zuciyata dutse ce. Ina ganin jini na bin ƙafarsa har cikin safa. Da ya yi tangaɗi ko ya daina gane hanya, wallahi da na tare shi da motar. Bai yi ba. Mutum ne da gemunsa, a cikin hankalinsa, ya ce zai shiga garinsu a kan kekensa.

Wa'adi ya wuce mu a hanya, shi ma ya sani. Muka iso ana kwance allunan talla, jama'a sun watse, sai uwarsa da maƙwabta suna tsaye a rana. Ya tsallake layin, alƙalin tsere ya soke sunansa, ya miƙa wa alƙalin hannu suka gaisa. Tuda ba ta yi kuka ba, sai da ta ga gwiwar. Har yanzu ba ta gama huce mini ba, shayina ma ba sukari take kawo shi.

Saboda haka maganar da kika kawo, wai Idir ya bar keke ya zo Beljiyam aiki a shagon surukinki, ki yi masa godiya, amma a bar ta. Ba zan lallashi Idir ba, ba kuma zan ba ki haƙuri a kan abin da ban ɗauka laifi ba. Badi in Allah ya kai mu zai sake shiga, ni ma ina bayansa da motata.

Ki gaida maigida Si Lahsan, da Malika da mijinta, da ƙaramin Yusuf. Tuda da Inna Itto suna gaishe ki. Idir ya ce a gaya wa gwaggonsa ta gyara ɗakin baƙi, zai zo Beljiyam kamar yadda take so, amma tsere zai kawo shi, ta tanadi wurin ajiye keke.

Ni ne ƙaninki,
Assu