Maryama Ta Fi Ƙarfin Ajinsu

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya iyali, ya jikin Inna? Shekara tara ke nan rabona da ku.

Malamin 'yata Maryama ya ce ta fi ƙarfin ajinsu, ya sa ni a wani zauren intanet na iyayen yara masu baiwa. Ban ce ba su da kirki ba, amma shawararsu ɗaya ce, wai in kai ta wurin ƙwararre. Na gaji da tambaya a nan Bangui, ban samu ba. Yarinya tana nan shagona a titin Koudoukou, tana ƙulla sukari a leda.

Don Allah ka nema mata makaranta a wajenku, na haƙura da rabuwar. Uwarta ba ta sani ba tukuna.

A gaida Inna, ta sa mu a addu'a.

Ƙaninka,
Lawali