Ɗakin Saman Gareji

Kafanchan,
Fabrairu.

Yaya Nathan,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Yaya aiki, yaya Fatakwal? Ina fata Anti Patricia da yara suna lafiya. Mu ma lafiya. Baba yana gaishe ka. Gwiwarsa ta ɗan yi sauƙi, idon dai yana nan yadda ka bar shi, inuwar mutum kawai yake gani.

Ka ce in riƙa rubuta maka komai a takarda in ɗauki hotonta in turo, tun da waya ba ta samunka a wurin aiki. To, zanen ginin da ka aiko ya iso. Na kira Malam Badruddeen, maginin da ya gyara katangar cocinmu, ya zo ya auna bayan gida. Ya ce filin zai ɗauki garejin da ɗakin da ke samansa, amma sai an sare ayabar da Mama ta shuka, an kuma matsar da akurkin kaji. Na tambayi Baba, ya ce a sare.

Ya raba aikin kashi uku: harsashi da ginshiƙai, sai dekin, wato kankaren da zai zama daɓen sama, sai ɗakin sama da rufi. Dekin ne zai ci kusan rabin kuɗin, saboda rodi. Ya ce a sayi rodi da siminti yanzu, a kuma zubo yashi kafin ruwa ya sauka tipa ta kasa shiga layinmu. Cikakken ƙiyasin yana takarda ta biyu.

Abu ɗaya na lura da shi. A zanen akwai kicin a sama, da mitar wuta ta daban. Idan ɗakin na saukarku ne lokacin Kirsimeti, ai a tukunya ɗaya za mu ci. In an cire su, za a rage kuɗi sosai. Ka duba ka gaya mini.

Ƙanwarka,
Joanna.


Kafanchan,
Afrilu.

Yaya Nathan,

Barka da Ista, da fatan kun yi sujada lafiya. A gaishe mini da Anti Patricia. Ita ce ta gaya mini a waya cewa baɗi za ka ajiye aiki. Mun gode wa Ubangiji da ya kiyaye ka duk shekarun nan a kan ruwa.

Na ga amsarka, an bar kicin da mita yadda suke. An gama harsashi, ginshiƙai sun tashi, bulo ya kai linta, wato daidai saman ƙofa. Siminti ya ƙara kuɗi tun bayan ƙiyasin farko, sai na riƙa saye kaɗan-kaɗan ina ajiyewa a ɗakin Mama, a kan katako don kada sanyin ƙasa ya taɓa shi. Yadda nake gani, abin da ka aiko zai kai mu ƙarshen dekin. Rufi sai an sake shiri.

Baba ya fi kowa murna da aikin. Da safe in zan tafi makaranta nakan kai shi cikin tsohuwar Fijonsa a gindin mangwaro, ya kunna ta ta ɗan yi ɗumi, ya zauna yana jin rediyo yana kuma jin ma'aikata. Duk wanda ya shigo sai ya gaya masa ɗansa yana gina wa motarsa ɗaki. Ya ce shi da ya ƙare rayuwarsa yana tuƙa jirgin ƙasa bai taɓa samun irin wannan gata ba.

Sai maganar matakala. A zane, a waje take, ƙafarta tana fuskantar lungun baya. Malam Badruddeen ya ce in an juyo ta cikin tsakar gida, ba sai an fasa katanga an sa wata ƙofa ba. Na ga saƙonka cewa a bi zane. Za a bi.

Ubangiji ya tsare.

Ƙanwarka,
Joanna.


Kafanchan,
Yuni.

Yaya Nathan,

Ina gaisuwa. Ina fata kowa yana lafiya. Nan ruwa ya kankama, masu citta duk suna gona, har lebura ya yi wuyar samu. Duk da haka an zuba dekin, ya bushe, an fara jera bulon sama.

Ranar Talata na dawo daga makaranta, Malam Badruddeen ya ce in hau in gani. Muna tsaye a inda kicin zai kasance, sai ya ce in nuna masa tsayin da nake so a yi kantar girki, da gefen da nake so taga ta kalla. Na ce ya tambaye ka. Ya ce ai kai ne ka ce masa a waya ya tambayi Anti Joanna, tun da ita ce za ta zauna a ciki idan Oga ya dawo da iyalinsa. Ya faɗa ne yana ɗauka na sani. Na nuna masa daidai ƙuguna, na ce taga ta kalli gabas, na sauko.

Ba na rubuto don faɗa ba. Na san yadda ake yi a wurinmu, gidan uba na ɗa namiji ne, kuma yaranka sun girma, suna bukatar ɗakuna. Ban taɓa sa rai gidan zai zama nawa ba. Lokacin da na bar aikina a Kaduna na dawo jinyar Mama, babu wanda ya tilasta mini, bayan rasuwarta ma ni na zaɓi in zauna da Baba. Abin da na so shi ne in ji daga bakinka. Wata huɗu ina yawo kasuwa ina ciniki a kan rodi da tsakuwa, ban san ɗakina nake ginawa ba. Da na sani, da wasu abubuwan ba haka zan tsara su ba.

Ga tambayar da ta fi wannan muhimmanci. Baba ba ya iya zuwa bayi shi kaɗai, kuma ni nake masa allurar suga. Yanzu bango ɗaya ne tsakaninmu, ko tari ya yi ina ji. Idan ina sama, ƙofata tana lungun baya, sai na zagaya ta titi kafin in iso gare shi. Wa zai riƙa tashi masa da dare? In kun riga kun shirya wannan da Anti Patricia, ka sanar da ni, in fara nuna mata yadda ake yi.

Ban gaya wa Baba komai ba. Aiki yana ci gaba. Kuɗin kwano da katakon rufi yana takarda ta biyu.

Ƙanwarka,
Joanna.


Kafanchan,
Satumba.

Yaya Nathan,

Gaisuwa mai yawa gare ka da iyali. Na ji 'yarka Clara ta ci jarrabawarta, ka ce mata Anti tana taya ta murna. Na ga saƙonka na ban haƙuri, na karɓa. Na kuma ga inda ka ce za a nemo yarinyar da za ta riƙa kwana wurin Baba. Ba sai an nema ba, ga dalili.

Ranar da aka zo fasa katangar baya, Baba ya ji ƙarar guduma ya tambaye ni me ake fasawa. Na ce ƙofar mai ɗakin sama ce. Ya ce wane ne mai ɗakin sama da ba zai bi ta ƙofar gida ba? Ban iya yi masa ƙarya ba. Abincinsa ma ya huce a gabansa. Daga baya ya sa aka tsayar da masu gudumar, ya ce a kira masa Malam Badruddeen.

Ya tambaye shi ko garejin zai iya zama ɗakin mutum. Malam ya ce zai iya, in an toshe babbar ƙofar da bulo, aka bar ƙofa da taga, aka yanki kusurwa ɗaya aka yi bayi. Baba ya ce a yi haka, a kuma juyo matakala cikin gida, ƙafarta ta sauka a bakin ƙofarsa. Na ce masa kai ka biya ginin, ya kamata a jira ka. Ya ce kai ka biya bulo, amma ƙasar da ke ƙarƙashi tasa ce har ranar da za a sa shi a cikinta, kuma inda Joanna take nan zai kwana.

Ya sayar da motar. Wani makanike daga Kachia ya saya. Na roƙi Baba ya bari, ya ce mota mai gareji yake so, tun da babu gareji a tafi da ita. Da aka zo ɗauka ya sa na kai shi bakin titi, ya tsaya riƙe da hannuna har ƙararta ta ɓace, sannan ya ce mu koma ciki. Ban san ko daɗi na ji ko baƙin ciki ba, har yau ban tantance ba.

Kuɗin motar ya yi rufi da filasta da bayin ƙasa. Saboda haka kada ka aiko da na ƙofar ƙarfen gareji, babu inda za a sa ta. Abin da ya rage daga naka zan sa a yi wa babban gida fenti. Muna sa ran komawa ginin baya kafin Kirsimeti, in siminti ya sha iska.

Baba ya ce in gaya maka ba ya fushi da kai. Ya ce ɗakinsa na babban gida ya fi kowanne iska, kai da Anti Patricia ku ɗauke shi. Gado da kujeru duk zai bar muku, hoton Mama kaɗai zai cire daga bango.

Ubangiji ya kawo ku lafiya.

Ƙanwarka,
Joanna Azariya.