Tujin Lantana

Bungudu, 9 ga Yuli

Ƙanena Sabiru,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina Wasila da yara? Waya ba ta shiga nan, shi ya sa na ba direba wannan.

Sabiru, Baffa Tambaya bai gaji da ni ba. Bai ishe shi ba ya riƙe gonar babanmu ta Tsafe shekara takwas, wai mace ba ta iya fadama, yanzu ya biyo ni har 'yar gonar da mijina ya yanka mini. Sau biyu na yi feshi bana, maganin da nike amfani da shi shekara bakwai, amma ciyawar tuji ko yaushi ba ta yi ba. Ta shaƙe masarata tana kallona. In ba hannu aka sa mini ba, mi ne ne? Wallahi sai na rama. Kai ne malamin gona, faɗa mini gaskiya.

Yayarka, Lantana

Gusau, 15 ga Yuli

Yaya Lantana,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Wasila na gaishe ki.

Babu hannun kowa, Yaya, sai naki. Na san ki, murfi ɗaya kike zubawa a tankin feshi inda aka ce biyu, don kwalba ta kai ki nesa. A cikin tuji dubu akan sami 'yan ƙalilan da Allah ya yi su da tauri. Maganin ya kashe raunana, ya bar waɗannan, suka zuba iri, 'ya'yansu suka gaji taurin. Kika maimaita magani ɗaya shekara bakwai. Yanzu jikokin masu taurin ne kaɗai a gonarki, kuma ke kika yi kiwonsu.

Ki sa hauya kafin su fidda kai, ki canza magani, baɗi ki shuka wake. Kada ki bari irin ya kai wata gona, don inda ya sauka, shekaru ake yi ana fama. Maganar Baffa kuma ki bar mini, ina bi a hankali.

Ƙanenki, Sabiru

Bungudu, 20 ga Mayu

Sabiru,

Gaisuwa mai yawa. Ka ji ni shiru wata goma, aiki nike.

Wasiƙarka ta ƙona mini rai, amma gargaɗin nan na kada irin ya kai wata gona ya yi mini daɗi. Kai shekara takwas kana bi a hankali, ni damina ɗaya ta ishe ni. Ban nome tujin ba. Na bar shi ya nuna, na yanke kawunan, na shanya, na sussuke kamar gero, har Saude maƙwabciyata tana tambaya ko sabon tuwo aka fito da shi. Kwano uku na samu. Ka san duk bazara nakan aika wa Baffa takin awakina don kada dangi su ce na yanke zumunci. Bana buhu shida na aika, na cuɗe irin a ciki da hannuna. An ce ya yi ta sa mini albarka, ya watsa shi kaf a fadamar babanmu. Bari ruwa ya sauka, zai yi feshi har ya gaji. Raina fes, Sabiru, ban taɓa jin sanyi haka ba.

Taka, Lantana

Gusau, 24 ga Mayu

Yaya,

Salamu alaikum. Na karanta wasiƙarki.

Tun watan jiya Baffa ya amince gaban dattawa zai mayar mana da gonar babanmu. Ƙafarsa ta hana shi noma. Na ce ni ma'aikaci ne, na bar miki kasona, gonar taki ce gaba ɗaya. Shi ya roƙe ni in yi shiru sai an yi ruwan shuka. Ya ce yana jin kunya, ba zai miƙa miki gona tsirara ba, sai ya zuba mata takin nan da kika aiko. An yi ruwa a Tsafe shekaranjiya. Jumma'a zai kira ki.

Allah ya ba mu haƙuri.
Sabiru

Bungudu, 26 ga Mayu

Sabiru,

Na gani. Kada ka faɗa wa Baffa.

Ka sayo mini hauya biyu masu kauri a kasuwar Gusau, ka ba direban nan.

Lantana