Ni Ba Lamba Sha Huɗu Ba Ne

Malama, ina neman taimakonki, kuma ki sani ban saba nema ba. A aji uku na sakandare karatuna ya tsaya. Na koyi gyaran wutar mota a bakin titi da filaya ɗaya da sukudireba, ba wanda ya taɓa ba ni ko ƙusa. Na buɗe gareji mai ƙofa biyu, na gina gida, na yi wa ƙannena uku aure, 'yata ta gama jami'a. Har ramin da ake shiga ƙarƙashin mota ni na haƙa shi, ni na yi masa siminti. To cikinsa na faɗa wata takwas da suka wuce, ina ja da baya ina yi wa wani direba hannu. Ƙeyata ta bugi bakin simintin. Kwana tara ban san inda nake ba.

Na tashi, amma ba duka na tashi ba. Sai in kwance abu in manta yadda na kwance shi. Magana ta zo bakina ta koma. Ranar da na haɗa batir a juye a motar wani kwastomana na shekara ashirin, ƙanena ya karɓe makullin gareji, wai sai likita ya yarda. Yanzu daga ɗaki sai baranda. In aka kunna mota a layinmu, daga ƙararta na san ciwonta, amma ba halin taɓawa. Uwar yara ta ɓoye kayan aikina bayan buhuna a kicin, tana tsammani ban sani ba.

Ana haka asibiti suka sa ni cikin wani bincike. Sau uku a mako ake ɗaura min soso biyu masu ruwan gishiri a ka, a saki wata 'yar wuta minti ashirin, ni kuma ina gaban kwamfuta ina tuna hotuna kamar ɗan firamare. Sun faɗa tun farko cewa rabinmu wutar gaske ake ba su, rabi kuwa ta bogi, kuma ba za a gaya wa kowa nasa ba. Malama, ni za a ɓoye wa wuta? Ina jin ƙaiƙayin rabin minti, sai ɗif. Na tafi da mitata a aljihu in auna, ma'aikaciyar asibitin ta gani, ta yi dariya ta ajiye ta a teburinta har na gama. A kan katina ma ba suna, lamba sha huɗu kawai.

Zama goma sha biyu na yi cikin ashirin. In wutar bogi ce, ana cin kwanakina a banza garejin yana hannun wani. In na fita, wa ya sani ko ta gasken na bari. Injin nan nasu ba wani abu ba ne, batir ne da waya da abin rage wuta, a yini guda zan haɗa nawa in yi a gida. Uwar yara ta ce in na yi, gidansu za ta tafi.

Ita kuma ta ce na samu sauƙi, na daina tambayarta abu sau uku. Wasiƙar nan da hannuna na rubuta, kwana huɗu ta ci min. To in wutar bogi suka ba ni, ai ni na warkar da kaina da ikon Allah, injinsu bai yi komai ba. Don haka ki buga cikakken sunana a shafinki, yana nan ƙasa. Ina so a rubuta shi a wani wuri.

*

Malam, sannu da jiki, kuma sannu da ƙoƙarin kwana huɗu.

Ni ba likita ba ce, amma na tambayi likitar ƙwaƙwalwa kafin in amsa maka. Kada ka haɗa wannan abu a gida. Ba wai ba ka iya ba, na san za ka haɗa shi tsaf. Wutar ka sani, hanyar da za ta bi a kan da ya taɓa buguwa ce ba ka sani ba. Tana iya ƙona fata, kuma mai irin rauninka ana yi masa tsoron farfaɗiya. Uwar yara tana da gaskiya.

Batun ƙaiƙayi kuwa, likitar ta ce ko mai samun ta gaske yakan daina ji bayan ɗan lokaci, fata ce ke sabawa. Don haka ɗif ɗin nan bai tabbatar da komai ba. Amma kai ma kana da taka gaskiyar. Har yanzu ba a gama tabbatar da amfanin wannan hanya ba, shi ya sa ake binciken. Kana da ikon fita duk ranar da ka so, kuma kana iya tambaya ko za su gaya maka rukuninka in an kammala. Da ni ce, da na ƙarasa sauran zama takwas ɗin, domin aikin tuna hotunan nan ba na bogi ba ne ga kowa.

Makullin gareji ba a hannun wutar yake ba. Ka tafi da ƙanenka wurin likita, a faɗa muku ƙarara abin da za a gwada kafin ka koma aiki, da ranar gwajin. Ka nemi izinin zama a gareji safiya biyu a mako, kana saurare kana faɗin ciwon mota, wani yana taɓawa.

Lambar nan don rufa maka asiri aka sa ta, sunanka yana wurinsu a ajiye. Ni ma na karanta shi, na rubuta shi a littafina, amma ba zan buga ba. Kwastomominka suna karanta shafin nan, kuma ka ba da labarin batir a juye. Za ka buƙace su in ka koma.

Allah ya ƙara sauƙi, ya mayar da kai bakin aikinka lafiya, ya saka wa uwar yara da alheri.