Wanda ke Zaune a Gefen Baba

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya. Ya ƙafar nan taki? Ya su Yaya da yara? Allah ya sa kina shan maganinki ba sai an bi ki da shi ba. Mu nan lafiya lau, sai kewarki.

Na ɗauki biro ne don waya ba ta yi mini. Duk sanda na kira ki Baba na kusa, kuma kin san kunnensa ba ya ciwo in gulmarsa ake yi. Amanar da kika ba ni tana nan ƙalau. Yana ci, yana barci, ya gyara mini famfon kicin da ke ɗiga, ya kuma yi mini faɗa a kansa kamar ni na haifi famfon.

Kin ce har yau ba ki gane aikina ba, to bari in sake gwadawa. Wasan tseren mota muke haɗawa, irin na kwamfuta, ni kuma aikina gina hanya. Mun je tsohon filin gwaji na masana'antar motocin Barewa, inda Baba ya ƙarar da ƙuruciyarsa, da na'urar da ke auna ƙasa da haske. Mun kwaso komai, kowane faci a kwalta, kowane rami, har tsagin da ciyawa ta ɓullo. Masu wasan nan ba su da yafiya, Inna. Ka matsar da dutse ɗaya, wani a can wata duniya da bai taɓa taka wajen ba zai rubuto ya ce ka yi ƙarya. Shi ya sa Oga ya nace a ɗauko Baba, tunda a cikin direbobin gwajin Barewa shi kaɗai ya rage.

Ɗakin gwajin namu yana ƙarshen baranda, ba shi da taga. An ɗaure kujerar mota a kan ƙarafa masu motsi, ga sitiyari, ga birki da totur, ga manyan alluna sun kewaye fuskar mutum. Da Baba ya gani sai da ya yi dariya har da tari, ya ce ashe wasan yara nake karɓar albashi a kai. Amma da aka kunna, ƙarar injin Barewa ta cika ɗakin, dariyar ta ɗauke. Na ga hannunsa ya tafi neman giyar mota tun kafin a nuna masa inda take.

Ya ce hanya ta yi, ƙara ta yi, amma motar ta yi sakayau a gefe guda. Abokin aikina da muke kira Tabarau, wanda ke kula da nauyin motoci da yadda suke kama ƙasa, mutum ne mai son tsofaffi, sai ya biye masa. Ya riƙa ƙara nauyi kaɗan-kaɗan a kujerar gefen direba, Baba na tuƙi yana cewa a ƙara, har motar ta ɗan karkata a allo, sannan ya ce ya isa. Tabarau ya duba abin da ya zuba, ya yi dariya ya ce ai wannan nauyin ƙaton mutum ne.

Ni ban yi dariya ba, Inna. Kawu Lukuti, bakaniken Baba, shi ne ya faɗo mini a rai, duk da a hoto kawai na san shi. Ke kika sha ba ni labarin dokar masana'antar, cewa ba a fita gwaji sai bakaniken da ya ɗaure motar ya zauna a gefen direba, don ya ɗora ransa a kan aikinsa. Kin ce Baba bai taɓa koyon wurin taka birki a Kwanar Gwiwa da ido ba, Kawu ne ke buga dashbod ɗin da ke gabansa da tafin hannu, shi kuma ya taka. Ranar hatsarin da ya ci ran Kawu, ko ba a buga ba ne, ko an buga a makare, Baba bai taɓa faɗa wa kowa ba.

Kin san bayan rasuwar Kawu an miƙar da kwanar, yanzu ko ɗan koyo zai wuce ta. Duk da haka Baba bai gama zagaye ko sau ɗaya ba. Da ya hango wajen sai ya gangara gefe ya kashe mota, ya ce ya gaji. Na ji daɗin hakan, gaskiya.

Ki gaida kowa da kowa, ki kuma daina hawa kujera don ɗauko kaya.

'Yarki,
Auta

Innata,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan wannan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da duk mutan gida. Saƙonki ya iso, hular ta yi wa Baba daidai, sai dai ya ce kin manta kansa ya ƙanƙance.

Tsugune ba ta ƙare ba. A wasan, kowace mota tana da 'yar tutar ƙasarta a gefen sunanta. Kin san mutanen ƙetare sun saye Barewa tuntuni, sun kwashe injinan sun bar mana kango. Da izininsu muke sa motar, kuma sun ce tutarsu za a liƙa. Na so in ɓoye wa Baba, amma ya gani da idonsa a allo. Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Ya daɗe yana kallon tutar, sannan ya ce su sun sayi suna ne, amma mota 'yar ƙasar da ta binne mutum saboda ita ce.

Maganar ta shiga Oga, ya yi ta kai-komo da su har suka sassauta. Sun yarda tsohuwar Barewa ta fito da tutarmu a matsayin motar tarihi, amma da sharaɗi. Sai an gina filin yadda yake a da, da tsohuwar Gwiwa, kuma direbanta na asali ya yi cikakken zagaye a naɗa a kwamfuta. Wannan zagayen za a mayar abin da muke kira inuwa, wato mota fara sol kamar hayaƙi da ke gudu a gaban mai wasa yana ƙoƙarin kamo ta. Tun Oga bai rufe baki ba Baba ya amsa.

Ni aka ba ginin kwanar. Babu zane, hotuna ma ba su nuna komai, sai Baba ya zauna kusa da tebur ɗina ya rufe ido yana kwatantawa ina ginawa. Ya san inda kwalta ta kumbura, da inda ta gangara waje maimakon ciki, da bangon siminti da ke jira a ƙarshe. Ban taɓa yin aiki mai kyau irin wannan ba, kuma ban taɓa tsanar aikina kamar haka ba.

Ga abin da ya sa na rubuto. Injiniyoyin masu kamfanin Barewa sun ce a cire nauyin nan da aka ƙara, ba ya cikin takardunsu. Tabarau ya cire a gabana. Motar ba ta miƙe ba, Inna. Ya goge ta gaba ɗaya ya sake ɗora sabuwa daga tushe, ta fito a karkace kamar jiya. Ya ce kuskure ne a wani lungu, zai gano shi, amma na lura ya daina shiga ɗakin gwaji shi kaɗai.

Shi kuma Baba ya sa an jawo masa kujerar ofis, irin mai hawa da sauka, an ajiye a gefensa. Ya ce ta ajiye hula ce. Hular tana kansa kullum.

Don Allah ki kira shi ki ce kina bukatarsa a gida. Ki ce rufi na yoyo, ki ce komai. Maganarki kaɗai yake ji. Ina tsoro, kuma ban san sunan abin da nake tsoro ba.

Ki gaishe mini da Yaya, ki sa mu a addu'a.

Taki,
Auta

Inna,

Ina gaisuwa, ina fatan jiki da sauƙi. Na gode da kiran da kika yi. Ina jin sa yana lallashinki, har da sunan nan da yake kiranki in ya yi laifi, ya ce da ya gama zagaye ɗaya zai taho. Ya ajiye wayar ya dube ni, ya ce ashe ni ce 'yar rahoto.

Tunda hakan bai yi ba sai na yi dabara. Na shiga aikin na sassauta kwanar ba tare da kowa ya sani ba, na ɗan buɗe ta, na ja bangon baya. Gyaran bai kai a gani da ido ba, ko Tabarau bai lura ba. Washegari da hantsi Baba ya hau, ya tafi har inda ya saba tsayawa, nesa da kwanar, inda ko hango ta sosai ba a yi. Ya kashe mota, ya karkata kai wajen kujerar ofis ɗin kamar mai saurare, sannan ya juyo ya ce in mayar da bangon inda yake. Na tambaye shi yadda aka yi ya gane. Ya ce ba shi ya gane ba.

Ina tsaye a bakin ƙofa, da hantsin nan, fitilu a kunne, ana jin hayaniyar mutane a baranda. Kujerar nan ta yi ƙasa a hankali da 'yar ƙararta, yadda take yi in mai jiki ya zauna. Tabarau ya ce iskarta ce ke zurarewa, ya canza wata. Ita ma ta sauka.

Na roƙi Oga a fasa, ya ce in Baba ya ce a fasa an fasa. Na durƙusa wa Baba ina kuka. Ya shafa kaina ya ce shekara da shekaru ya bar mutum a tsakiyar hanya, ba mutunci ba ne. Na mayar da bangon, Inna. Da ban mayar ba wani zai mayar, kuma ba zai yi shi daidai ba.

Gobe za a naɗa. Ki yi mana addu'a.

Auta

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Ki zauna kafin ki ci gaba da karantawa. Baba yana raye, babu ko ƙwarzane a jikinsa. Yaya ne zai kawo miki shi tare da wannan takarda.

An yi zagayen da safe, ɗakin cike da mutane. Ya sa hularki, ya gyara zaman kujerar gefe, ya tayar da mota. Ban taɓa ganin tuƙi irin wannan ba. Tsohon nan da ke nishi in zai tashi daga tabarma, hannunsa ya koma na saurayi. Ya wuce inda ya saba tsayawa bai ko rage ba. Gwiwa ta taso a allo, bangon na girma, ƙafarsa na kan totur, ni kuma na san inda ya kamata ya taka birki tunda ni na auna wajen, na ga ya kusa wuce shi. Sai aka buga. Tafin hannu ne a kan dashbod, ƙara ɗaya mai nauyi, daga gefen da ba kowa, a ɗakin da babu dashbod. Kowa ya ji. Wata ma'aikaciya ta yi salati da ƙarfi.

Baba ya taka birki, motar ta kwanta ta shige kwanar sumul, ta fita ta bar bangon a baya. Na ji ya yi dariya, irin wadda ban taɓa ji daga bakinsa ba. Ya ƙarasa zagayen, mutane suka ɓarke da tafi, Oga har da hawaye. Kafin la'asar masu kamfanin sun amince. Tutarmu tana nan a gefen sunan Barewa, na gan ta da idona.

Amma da na je kwance masa bel ɗin kujera, bai dube ni ba. Na kama hannunsa ya tashi, na ja shi ya biyo ni. Haka yake har yau. In an ba shi abinci ya ci, in an zaunar da shi ya zauna. Likita ya duba kai, ya duba zuciya, ya ce bai ga komai ba. Ba ya amsa sunansa. Hannayensa suna kan cinya a dunƙule, suna ɗan juyawa hagu da dama, wani lokaci ya yi murmushi. Na kwance famfon kicin da gangan na bar shi yana ɗiga a gabansa wuni guda, bai ce mini komai ba.

Jiya na koma ɗakin gwaji tare da Tabarau. Ba kowa a kujera, lissafi ya nuna motar wayam take. Tana tsaye a allo a bakin layin farawa, kuma ta daina karkata. Ta zauna daidai, duka gefen biyu sun yi ƙasa, yadda mota ke zama in ta ɗauki mutum biyu. Muna kallo inuwar ta tashi ta kama hanya, ba wanda ya taɓa komai. Tabarau ya ce zai iya goge ta in na ce a goge. Na hana shi, don ban san abin da zai rage a gida ba in an goge.

Na yi miki alkawarin zan dawo miki da shi, ga abin da na iya dawowa da shi. Ki zaunar da shi inda iska ke shiga, ki ajiye masa kujera a gefe. In kin kira shi bai amsa ba kada ranki ya ɓaci, ba share ki ya yi ba. Na san inda yake, Inna, ni na gina wurin da hannuna.

Ki gaida mutan gida. Ki yafe mini.

'Yarki,
Auta